Kawu Almustafa Mai Shanshani

Na fara jin sunansa ne a bakin Inna, wata biyu da saukarmu Riyad, ranar da rediyonmu ta mutu a gidanmu na unguwar Malaz. Ta ce, "A kai wa Yaya Almustafa mai shanshani." Na ɗauka ƙwari yake sayarwa. Ashe wanta ne, mai gyaran lantarki a wata masana'antar kwali a Birnin Masana'antu na Biyu.

Shanshanin wata 'yar baƙar aba ce, tsawon ɗan yatsa, mai ƙafafu arba'in. Ita ce ƙwaƙwalwar tsohon injin yanka kwali, ita ke ƙirga tsawo ta ba wuƙa umarnin sauka. Kawu yakan ce waɗanda suka ƙera ta tun shekarun saba'in sun zubar da duk abin da ba dole ba, ta ƙanƙance, ta yi arahar da ƙaramar masana'anta ma za ta iya saye. "Talaka ce irina," in ji shi. "Ba ta cin wuta, ba ta ƙorafi."

Igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a jikin injin nan take rataye. Duk shekara mudir, wato manaja, sai ya ce a sayar wa masu gwangwan da injin, kafili kuma, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ya ce, "Muddin yana yanka, a bar shi, a bar Almustafa." Saboda haka Kawu bai taɓa koya wa kowa cikinsa ba. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, ita ma ya ɓoye. A goshin shanshanin akwai ɗan gurbi mai nuna inda kai yake don kada a sa ta a juye, sai ya koma laluben gurbin da farce idan ba kowa.

Wata azahar a tsakiyar zafi, shanshanin ta ƙone. Guda ɗaya ta rage masa a gwangwanin alewa. Mudir ya tsaya masa a ka.

"Yalla, ya Haj! Motoci na jira!"

Kawu ya riƙe ta, farcensa na ƙaiƙayi. In ya laluba, mudir zai gane ba ya gani. Ya danna ta da ƙiyasi, ya kunna wuta. Ƙauri ya tashi.

"Halas, an gama," in ji mudir. "Tsufa ne."

Sati uku bayan nan aka buga masa bizar fita ba dawowa, bayan shekara talatin da huɗu.

Na same shi a ɗakinsa na unguwar Manfuha yana ɗaure kaya, bai gane ni ba sai da na yi sallama. Ya lalubo tafina ya sa mini ƙonanniyar shanshanin.

"Aliya, ke ce mai riƙe labarin gidanmu. In kin zo kaina, don Allah kada ki ce tsufa ya kashe ta. Lafiyarta ƙalau. Ki ce ni na sa ta a juye."