Malamin Tuƙin da Ya Riƙa Taka wa Ɗalibansa Birki

Taka-Sannu ake ce masa, kuma bakinsa ne ya jawo masa sunan. Shekara ashirin da ɗaya yana koyar da tuƙi a wata makaranta mai motoci uku da ofis guda, ofishin da in mutum biyu suka shiga sai na uku ya yi gaisuwa ta taga. Duk wanda ya shiga motarsa, kafin ya gyara madubi ya ji "taka sannu" sau biyar. Ya koyar da 'yan kasuwa, ya koyar da malaman asibiti, har da wata mata da ta fi wata biyu tana rufe ido duk lokacin da babbar mota ta tunkaro. Da barkwanci yake koyarwa. In ɗalibi ya hau gefen titi sai ya ce, "Madalla, saura mu shiga mu gaishe da masu gidan."

Motar koyo birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a ƙafar malami. Ƙa'idar sana'ar kuwa, malami ba ya taɓa nasa sai ya ga ana shirin kwana a shagon mutane.

Abin da ya fi ɗaure masa kai har yau shi ne babu abin da ya faru. Ba hatsari, ba rasuwa, ba faɗa a gida. Wata safiya dai suna tunkarar mahaɗar titi sai ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku, tafin hannunsa ya jiƙe, zuciyarsa na raya masa cewa yanzun nan za a mutu. Ya ɗan taɓa birkinsa. Motar ta lafa, ƙirjin ma ya lafa. Kashegari ya sake. Kafin wata uku ƙafarsa ta mayar da abin aikinta, tana yi a hankali, cikin gwaninta, ta yadda ɗalibi ba ya ko ji. Ɗalibai suka dinga yabonsa a gari, wai duk wanda ya shiga hannun Taka-Sannu a mako biyu yake ƙwarewa.

Sai jarrabawar lasisi ta zo. Shi mai jarrabawa a kujerar malami yake zama, amma ya naɗe hannu ne ya zuba ido. Ɗalibai shida a jere suka faɗi, dukansu a wuri ɗaya: tsayawa. Ta shidan, wata tela, da ta kusa ɗaukar rumfar mai gadi, aka tambaye ta me ya hana ta taka birki. Ta ce, "Yallaɓai, ai wannan motar da kanta take rage gudu. Yau ne dai ban san me ya same ta ba."

Mai makaranta ya gano aikin ƙafar Taka-Sannu ne, ya kira shi ofis. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. Ya ce, "Ba zan manta shekarunka a nan ba. Je ka huta wata guda. Ranar ɗaya ga wata ka dawo mu fita tare. In ƙafar nan ba ta natsu ba, makullin zai koma hannun sabon malami."

To, a nan labarin ya rikice. Mutumin da a da ba ya iya zama minti biyar, ya shiga ɗaki ya kwanta kamar an zare masa laka. Rediyo na yi ba ya ji. Abinci ya huce a gefensa. Aski ma ya gagara. Ba barci yake ba, silin yake kallo, yana lissafa mutum nawa ya saka a titi ba su iya tsayawa ba.

Matarsa ta ce tunani ne ya yi masa yawa, a bar shi ya huta. Ta ɓoye wayarsa, ta hana baƙi shiga, ta saki labule. Yayarsa kuwa, wadda ta goya shi kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta ba, ta zo ta yaye labulen.

"Tashi, malalaci! Kwanciyar me kake yi kamar mai jego?"

"Yaya, ki bar shi. Zuciyarsa ce ke bugawa."

"Tawa ma bugawa take, ƙanwata, in ta daina ai an gama. Hutun nan naki ne zai kashe shi."

"Da bai huta ba ai kin ga yadda ya koma."

Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Abin haushi, kowacce da gaskiyarta. In ya kwanta, zuciya ta yi ta sukuwa. In ya miƙe, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Ya ce, "Don Allah ku daidaita tsakaninku, ku gaya mini wace cuta ce tawa. Mutum ɗaya ba ya gudu kuma yana kwance."

A mako na biyu suka kai shi asibiti. Aka auna jini, aka auna zuciya, aka ce garau yake, wanda hakan ya ƙara tayar masa da hankali. Daga nan aka nuna masa wata ƙofa a ƙarshen baranda. Da ya karanta allon ƙofar ya ja ya tsaya.

"Likitan ƙwaƙwalwa? Yaya, kin taɓa ganin na yi jifa?"

"Shiga, kafin ni in fara."

Likitar mace ce mai tabarau a kan karan hanci. Ta bar shi ya yi ta zuba, har da labarin telar, ta yi dariya inda ya kamata. Sannan ta ce abu biyu ke damunsa, fargaba da ciwon damuwa, kuma sau da yawa tare suke tafiya. Fargaba ta daɗe tana tatsar ƙarfinsa, tana sa shi kauce wa abin da yake tsoro. Da ƙarfin ya ƙare, aikin da yake alfahari da shi kuma ya suɓuce, sai damuwa ta samu wurin zama. Ita kuma damuwar ta kwantar da shi, kwanciyar ta ba fargaba fili ta yi ta saƙa.

"Wato dai na taka totur da birki lokaci ɗaya?"

"Ni ban iya tuƙi ba. Me ke faruwa in an yi haka?"

"Mota ta yi ta ihu ba ta motsa ba, har wani abu ya ƙone." Ya dube ta. "Likita, da girmanki ba ki iya tuƙi ba?"

Wannan ce zolayarsa ta farko cikin kwana goma sha biyu, matarsa ce ta ƙirga.

Ta rubuta magani, ta ce sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kada ya daina don ya ji shiru. Ta ce ya riƙa fita tattaki kowace safiya ko ransa bai so ba. In ƙirji ya fara, ya ja numfashi ya sake shi a hankali, yana ƙirgawa. Ya daina ɓoyewa. Kuma kada ya jira sai tsoro ya tafi kafin ya koma mota, don tsoro ba ya sallama, sai dai a saba da shi ya rage baki. Matarsa ta mayar masa da waya. Yaya ta rage "malalaci" zuwa sau ɗaya a rana.

Ya bi shawarar likita, amma bai gane kan abin ba. Wata rana ya yi tattaki ya dawo da yunwa. Wata rana ya yi irin tattakin sak, ya dawo ya kwanta kamar gawa. Ya rasa wanne ke aiki, ƙwayar, ko ƙafar, ko tsoron Yaya.

Ranar ɗaya ga wata mai makaranta ya zauna a kujerar baya. Ɗalibin wani dattijo ne da ya yi ritaya daga gidan waya, ya riƙe sitiyari kamar za a ƙwace masa. Kafin a tayar da mota Taka-Sannu ya ce, "Baba, in gaya maka gaskiya. Ina fama da ciwon fargaba, ina shan magani. Birkin nan naka ne. In ka ji motar ta rage gudu ba kai ka yi ba, ka tona mini asiri."

Dattijon ya ce, "Ikon Allah. To ni da wa zan dogara?"

"Da ƙafarka, Baba."

Mahaɗar farko ya yi ta ƙirga numfashi, gumi na bin wuyansa, dattijon ya tsaya da kansa, tsayuwar da ta sa hular mai makaranta ta yi gaba. Ta biyu ma haka. A ta uku wani mai keke ya ɓullo daga nesa, can nesa, ƙafar Taka-Sannu ta tafi ba da izininsa ba.

"Malam, ka taka!" in ji dattijon, da murna kamar ya kama ɓarawo.

"Na taka, Baba. Babu dalili kuma."

Suka koma ofis. Mai makaranta ya daɗe yana juya makulli a hannu. Daga ƙarshe ya ce ɗalibi biyu a rana, da safe kawai, da rana motar ta sabon malami ce, kuma shi da kansa zai riƙa zama a baya duk ranar da ya ga dama.

Taka-Sannu ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ban gane ba. Korata aka yi rabi, ko mayar da ni aka yi rabi?"

"Ni ma ban sani ba tukuna. Ka zo gobe ƙarfe takwas."