Ruwan da Nkechi Ta Ɗebo

Wata Asabar ce a cikin watan Afrilu na shekarar 1954, gari bai gama wayewa ba, ina tsaye a layin famfon bakin titinmu a Sabon Gari, garwa a hannu, gammo a hammata. Mu uku aka ɗora wa ɗiban ruwan ranar wasannin makarantarmu: ni Hannatu, da Bose 'yar wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, da Nkechi wadda babanta kafinta ne daga Gabas. Randuna biyu manya aka kafa a gindin ceɗiyar bakin fili, aka ce kafin ƙarfe tara su cika fal. Ba wanda ya tilasta ni, ni na ɗaga hannu da malamar ajinmu ta tambaya, alhali duk gidanmu an san ni da gudun garwa. Sunan Nkechi na ji an kira, ni kuwa wata goma sha ɗaya ke nan rabon da ta yi mini maganar arziki. Na ƙudura a raina cewa in muka yini muna ɗora wa juna kaya muna saukewa, dole baki ya buɗe, in dawo da ƙawata.

Mu Hausawa ne Kiristoci daga ƙasar Zazzau, aikin jirgin ƙasa ya kawo Baba Kano. Gidan hayar da muke ciki ɗakuna ne jere suna kallon juna, kusan kowane ɗaki da yarensa, murahu kuma a layi ɗaya, ƙamshin daddawarmu na karo da na manjan maƙwabta. Ƙofar su Nkechi tana daidai da tamu. Tare muke share tsakar gida da sassafe, tare muke wanke-wanke da toka da soso, in an gama mu zauna a bayan banɗaki mu yi ta carafke har a nemo mu da tsawa. Ita ta koya mini jiƙa garin rogo da gyaɗa, ni na koya mata waƙoƙin gaɗa, tana rera su da Hausarta ta kasuwa ina dariya har in faɗi. Babanta ya taɓa haɗa mana 'yan kujeru biyu iri ɗaya da guntayen katako, har ya ƙona harafin farko na sunan kowacce a ƙasan tata da ƙusa mai zafi.

Sai rikicin nan da ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari a shekarar da ta gabata. Kwanaki muka yi a kulle a ɗaki muna jin ihu daga nesa. Da ƙura ta lafa, rumfar babanta da ke can bakin iyakar unguwannin biyu ta zama toka, da katakonsa da kayan aikinsa, wanta Emeka kuma ya dawo da sara a goshi. Daga ranar labulen ɗakinsu bai ƙara ɗagawa saboda mu ba. Nkechi ta sauya benci a aji, ta daina jirana a ƙofar gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a Sabon Gari mu Hausawa ne, jinin waɗanda suka ƙone rumfa, in kuwa Inna ta aike ni Fagge sayen goro, yara su bi ni suna kira na arniya. Na tsani ɓangarorin biyu, kuma ba na jin kunyar faɗa yau.

Hedimastanmu ne ya kawo shawarar a gayyato wata makarantar elementare daga ɓangaren Fagge a yi wasanni tare, wai ko zukata za su yi sanyi. Iyaye sun yi ta gunaguni, amma shi mutum ne da ba ya jin bari. Tun da safe fili ya kaure da aiki. Maza na jan layin tsere da farar ƙasa, wasu na kafa rumfar zana, wasu na kinkimo bencuna daga azuzuwa, an tara buhunan tsere da cokula da igiyar ja a gefe guda. Mu kuwa muna ta safa da marwa tsakanin famfo da ceɗiya, ruwa na zuba mana a wuya, rigunan makaranta sun manne a jiki. Nkechi tana ɗora wa Bose tana sauke mata, ni sai ta ɗauke kai, in yi ta kokawa da garwata ni kaɗai. A wani zuwa bakin garwa ya yanke mata tafin hannun dama, na yagi gefen gammona na miƙa mata. Ta karɓa ta ɗaure. Wannan 'yar karɓar ta sa na ji daɗi har na soma raira waƙa a hanya.

Wajen ƙarfe tara 'yan Fagge suka iso a jere, bayan wani dattijon malami mai farar riga da jar dara, wanda na ji suna kira Malam Tanko. Ba wanda ya yi musu maraba ban da hedimasta. Malamarmu ta ce randa ɗaya ta baƙi ce, kuma ni zan tsaya a kanta tunda yarensu yarena ne. Nan Nkechi ta juyo, ta ɗaga murya da Hausa don kowa ya ji, ta ce, "Je ki yi wa 'yan'uwanki bauta. In kin je ki tambaye su ina zarton babana." 'Yan mata suka kwashe da dariya. Na ji kamar an watsa mini barkono a ido. Na tafi gindin randata ina rantsuwa a zuci cewa ko wuta na gani ta kama zaninta ba zan buɗe baki ba.

Aka soma wasa, amma ba wasa ba ne, gaba ce aka sa wa alƙali da usur. In ɗan Fagge ya faɗi a tseren buhu sai ɓangarenmu ya yi sowa, in namu ya yar da ƙwai a tseren cokali su ma su rama. Rana ta take, irin ta bazarar Kano mai ƙona tafin ƙafa. Randar gida sai ja da baya take yi, tawa kuwa ko moɗa ɗaya ba a taɓa ba. Ashe iyayen 'yan Fagge sun ja musu kunne kada su ci kada su sha komai a Sabon Gari. Wani dogon yaro a cikinsu, mai suna Sale, shi ne uban baki. Ya zo ya leƙa randar ya tofar da yawu a gefe, ya ce wa 'yan'uwansa tulun giya ne aka ɗauraye, ya ƙara da wasu maganganu a kaina da bai kamata yarinya ta ji ba, yana tsammanin ba na fahimta.

Ni kuwa na san maganin abin sarai. Inna ta sha gaya mini tun ina ƙarama, "In za ki ba baƙo ruwa ki durƙusa, ki miƙa da hannu biyu. In kin ga yana ɗari-ɗari, ki fara kurɓa a gabansa." Ta kuma ce mini duk wanda na miƙa wa abu da hagu, na zage shi ne ba da baki ba. Da na yi haka tun da safe da sun sha. Amma na harɗe hannu a ƙirji ina kallon leɓunansu na bushewa, ina cewa a raina ƙishin ya kashe su mana, ina ruwana.

Daf da azahar aka yi dogon tsere na zagaye fili. Wani ɗan siririn yaro daga Fagge, ana ta kiran sunansa Garba, ya manne wa Emeka har zagayen ƙarshe, yana isa layi kuwa ya yanke jiki ya faɗi, ido ya kakkafe. Malam Tanko ya durƙusa ya tallafo kansa yana kiran a kawo ruwa. Ban motsa ba. Wadda ta motsa ita ce Nkechi, 'yar mutumin da aka ƙone wa rumfa. Ta sheƙo da gudu zuwa randata don ta fi kusa, ta cika moɗa, kuma saboda ciwon hannunta na dama sai ta riƙe da hagu. Ta wuce ta gabana har kafaɗarta ta gogi tawa. Na ga hannun, na san abin da zai biyo baya, kalma biyu kawai ake bukata daga bakina. Na tuna dariyar ɗazu, na ja bakina na yi gum.

A tsaye ta miƙa moɗar, da hagu, ta saman hular dattijon. Kafin ya ɗago, Sale ya kai wa hannunta duka, moɗar ta tashi ta daki bakinta, ruwa da jini suka gangaro kan rigarta. Fili ya hargitse. Emeka da abokansa suka taso, na ga wani ya rarumo ƙafar benci, na ga 'yan Fagge suna sunkuyawa suna tsintar duwatsu, mata na ƙwala wa 'ya'yansu kira. Tsoro ne ya motsa ni, ba kirki ba. Na tsinci moɗar na ɗauraye na cika, na kutsa tsakaninsu, na zube gwiwa biyu a gaban Malam Tanko, na kurɓa sosai yadda kowa zai gani, na miƙa da hannu biyu na ce, "Malam, ga ruwa. Na famfo ne, mu muka ɗebo da safe."

Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ke 'yar ina ce, yarinya?" Na ce 'yar Zazzau ce. Ya karɓa ya yi bisimilla, ya shafa wa Garba a fuska ya ɗiga masa a baki har yaron ya yi ajiyar zuciya, sannan shi ma ya shanye ragowar. Ya miƙe ya daka wa yaransa tsawa su zubar da duwatsu, ya kama kunnen Sale ya durƙusar da shi a rana. Hedimasta shi ma ya kora namu baya. Kafin la'asar 'yan Fagge sun yi layi sun shanye randar nan har ƙasa. Da aka zo rabon kyauta hedimasta ya kira ni gaban jama'a, ya ce ni na ceci ranar, ya ba ni littafin rubutu da fensir, aka yi ta tafi. Ba wanda ya ambaci wadda ta fara rugawa.

Bayan an watse muka koma gindin ceɗiya wanke moɗa. Leɓen Nkechi ya kumbura, tsumman da na ba ta yana nan a hannunta. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kin gan ni na ɗauka da hagu?" Na ce na gani. Ta ce, "Kuma kin san abin da yake nufi a wurinsu?" Bose ta daina wanke moɗa tana kallona. Nkechi ta kwance tsumman ta ajiye a bakin randa, ta ce, "Ruwan nan da ni aka ɗebo shi, Hannatu." Ta ɗauki garwarta ta tafi. Kafin damina ta wuce sun tashi daga gidan, suka bar 'yar kujerarta a bayan banɗaki, kuma har muka gama makaranta ba ta ƙara kallon inda nake ba. Daga baya na ji sun koma Gabas, ban san ko tana raye ba.

Yau wurin da filin nan yake duk shaguna ne, ceɗiyar ma an daɗe da sare ta. Ruwa a leda yake zuwa a rufe, jikokina na jefa wa baƙo da kowane hannu, ba mai durƙusawa, ba mai kurɓa, ba kuma mai jin an zage shi. Wani lokaci ina yi musu faɗa, wani lokaci kuma in ce da a zamaninsu muka tashi da ban rasa ƙawata ba. Amma na san ba hannun hagu ne ya raba mu ba. Shirun da na yi ne, kuma har yau shi nake ji duk sanda na kai moɗa baki.