Bagobirar Tasha da Ɗan Sanda

Shekarar da nake koyarwa a Kalfu, kowace Lahadi da hantsi nakan je tasha a Tahoua in jira motar komawa. A bakin tashar akwai wata tsohuwa mai sayar da tabarmi, Bagobira daga wajen Maradi, tsagarta har kunne. Inna nake ce mata, kuma a rumfarta nake fakewa.

Wata Lahadi muna zaune sai ga 'yan sanda biyu sun biyo wani mutum a guje. Ya yi tuntuɓe da buhun albasa, ya faɗi dab da mu. Suka danne shi suka sa masa ankwa. Na ɗauka magana ta ƙare, amma babban cikinsu, yana haki, ya ci gaba da zuba masa kulki a gadon baya. Mutumin ya daina ihu, sai nishi.

Tasha ta yi tsit. 'Yan kabu-kabu suka kashe baburansu, masu shan shayi suka miƙe. Wani ya raɗa cewa babur ya sata, wani ya ce a'a, faɗa aka yi a kasuwa. Babu wanda ya matsa. Ni ma ina zaune ina bin fuskokin mutane da kallo, in ga wa zai fara.

Inna ce ta tashi. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta taka a hankali har gaban ɗan sandan.

"Kai Bazabarme," ta ce, "yaushe bawa ya fara aiki gaban uwargijiyarshi ba izini? Aje sandar ga."

Ya ɗago a fusace, sai idonsa ya sauka kan tsagarta; Gobirawa da Zabarmawa kuwa abokan wasa ne. Wani daga baya ya kasa riƙe dariya.

"Inna, wanga ɓarawo ne," in ji shi.

"To ka kama shi. Mi ya rage?"

Ya sauke hannu. Ya ce Gobirawa dai ba su da aiki sai shisshigi, amma da murmushi ya faɗa. Suka ɗaga mutumin, Inna ta kafa masa moɗar ruwa a baki, suka tafi da shi.

A mota aka yi ta gardama har Kalfu. Direba ya ce tsohuwar ta yi kasada, da wani ɗan sandan ne da har ita an tafi da ita. Wani makiyayi da aka taɓa sace wa awaki ya ce da ta bari an ƙara masa. Ni abin da ya tsaya mini daban ne: da ɗan sandan ba abokin wasanta ba ne fa?

Da na dawo mako na gaba na tambaye ta. Ta ce ita ma ba ta tabbata Bazabarme ne ba, daga Hausarsa kawai ta yi zato. Na ce to da zaton bai faɗa daidai ba? Ta ce da ta sha kulki ɗaya, kuma kunyarsa da ta fi zafin nata. Game da mazan da suka tsaya kallo, ba ta ga laifinsu ba. Ta ce namiji in ya matsa, faɗa ake gani.

Har na bar Kalfu ban san laifin mutumin ba. Ɗan sandan kuwa na sake ganinsa sau da dama a rumfarta, ya cire hula yana shan fura, tana yi masa tsiya.