Yatsun Tomiko Hasebe

A masana'antar tukwanen shinkafa na lantarki da ke gefen garin Hamamatsu, duk tukunyar da za ta fita sai ta bi ta hannun Tomiko Hasebe. Takan zura yatsu ciki ta shafa, idonta na can wani wuri, ta ture wadda fentin cikinta ya yi ƙurji. Ƙurjin nan ido ba ya ganinsa, na'ura ma ta gaza. Tun tana budurwa take wannan aiki har furfura ta fito, kuma abokan aiki na tsokanarta cewa ranar da ta yi ritaya sai dai ta bar musu yatsun a aljihun tebur.

Duk Juma'a 'yan sashensu kan zauna da koren shayi su ɗauki matsala ɗaya, su yi ta tambayar "me ya sa" har su iske tushenta. Da aka zo kan ƙurji, shugabansu Okumura ya tambaye ta ko akwai lokacin da ya fi yawa.

Ta kuwa sani. Jikinta ya daɗe da sani, bakinta ne bai taɓa furtawa ba: duk sanda aka buɗe babbar ƙofa motocin kaya suka shigo, iska mai sanyi kan taɓa mata wuya, can anjima sai ga tukwane masu ƙurji. In ta faɗa za a gyara, in an gyara kuwa, wa ke bukatar yatsunta? Ta kurɓi shayi, ta ajiye kofin a hankali.

"Ƙofar ce," in ji ta. "Wuyana ke gaya mini."

Aka yi dariya, aka ce ashe wuyan ma ma'aikaci ne ba a biyansa. Amma aka gwada, aka rataya labulen roba mai kauri a ƙofar. Wallahi sai ƙurjin ya ɓace, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ni dai da na ji labarin, har yau abin na ba ni mamaki, mutum ya rushe rumbunsa da hannunsa yana sane.

Ta ci gaba da shafa tukwane, kowace sumul, har abin ya ishe ta. Ran nan ta wanke hannu ta je ta tsaya gaban Okumura, ta kira shi da lakabinsu na girmamawa.

"Okumura-san, na gama a nan. Ina kuma ake ɓata kaya, in kai yatsuna can?"