Ranar da Shuɗin Fenti Ya Sauka a Kan Motocin Haj

Abubuwa da dama sun same ni a zamana na ci-rani a Sabha, can ƙasar Larabawa, yawancinsu sun bi iska. Amma ranar da feshin fenti ya sauka a kan ƙananan motocin maigidanmu, ita kam ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi.

A wani garejin fenti nake aiki a unguwar Mahdiya, ni ne mai goge jikin mota da sanfefa kafin a fesa. Mai garejin ɗan garin ne, Haj muke ce masa. Ba mugu ba ne, sai dai zuciyarsa na kan wasu motocin kwaikwayo da yake tarawa. Kowacce ba ta wuce tafin hannu ba, amma tana da sitiyari da madubi da ƙofofi masu buɗewa. A kan kanta ya jera su a ofishinsa, na'urar sanyaya ɗaki tana hura su. Mu kuwa sai an buɗe ƙofa muke jin labarin sanyin.

Ranar nan Haj ya tafi gonarsa ta ƙauyen Samnu, wuta kuma ta ɗauke. Janaretanmu yana jan injin feshi, ba ya jan na'urar sanyi. Sai shugaban ma'aikata, wani Bakano mai zaƙin baki, ya buɗe tagar ofis wai kada zafi ya dami motocin. A lokacin mai feshinmu, wani dattijo mutumin Damagaram da muke kira Baba, yana yi wa wata a-kori-kura shuɗi a tsakar gareji. Iska ta juya. Da muka leƙa bayan azahar, duk motocin sun yi ɗigo-ɗigo kamar zabi.

Babu wanda ya ta da zancen taga. Bindigar feshi a hannun Baba take, don haka laifin nasa ne. Kowa ya san Haj ya taɓa korar mutum don ya share ɗaya daga cikinsu da tsumma mai datti. Baba kuwa shekarunsa sun wuce ɗaukar bulo a wurin gini. Idan ya bar garejin nan, sai gida, hannu rabbana.

Nan take aka kafa kwamitin gaggawa, Bakano ya naɗa kansa shugaba.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Ni da na yi wa motocin manya fenti a Kano? Wannan ai abin wasan yara ne. Miƙo min tina."

Ya tsoma auduga a ruwan narkar da fentin, ya shafa wa wata farar mota a gilashi. Gilashin na roba ne, ya yi fari fat kamar ido mai yana. Wani mai wankin mota ɗan Togo, wanda ke jiran hanyar tsallaka teku, ya sunkuya ya duba.

"Oga," ya ce da 'yar Hausarsa, "wannan mota ya makance."

Mai waldarmu ya ce man birki ne magani, haka ake yi a Agadas. Aka jiƙa wata ja a ciki. Shuɗin ya fita kam, jan ma ya bi shi, mota ta fito tsirara. Kafin la'asar waɗanda gyara ya halaka sun kusa fin waɗanda haɗarin ya rutsa da su muni. Har an kawo shawarar a fesa musu shuɗi gaba ɗaya, a ce wa Haj kyautar barka da dawowa ce.

Mai shayin bakin titi ne ya ce a gwada man goge baki, da shi yake fitar da tabon butarsa. Aka gwada, ya ci, amma a hankali. Sai ga gardawa masu gemu zaune a jere, kowa da mota a cinya da auduga a kan tsinke, gareji na ƙamshin na'a-na'a. Mai a-kori-kurar ya zo ɗaukar motarsa, ya tarar rabinta shuɗi rabinta toka. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya tambaya ko sai ya ƙanƙance tasa za a kula ta.

Washegari Haj ya dawo. Ya ɗauki motar farko ya sansana. Ya ga makauniyar, ya ga tsirarar. Ya fito tsakar gareji ya tambaya da Larabcinsa wa ya yi feshi.

"Ni ne, ya Haj," in ji Baba.

"Daga nan tsakar gareji? Yaya fenti zai yi tafiya har ofishina?"

"Ai kullum tafiyarsa yake yi, ya Haj. In taga na rufe, mu yake shiga."

Ya warware bakin rawaninsa, wanda da shi yake rufe hanci idan yana feshi, ya shimfiɗa. Babu launin motar da ta shigo garejin a shekarar da ba ya jiki. Tari ya sarƙe shi, ya tofar, yawun ma da shuɗi-shuɗi.

Haj ya ƙura wa rawanin ido. Muka ce yau tausayi ya sauka. Can ya ɗago, fuskarsa duk tashin hankali.

"Wato kullum wannan abin yana yawo a iska? Kusa da motocina?"

A makon nan aka gina rumfar kwano rufaffiya don feshi, aka sa mata babbar fanka mai zuƙe iska ta watsa bayan gari. Da aka ga mutum ba ya iya tsayuwa a ciki har ya gama mota, aka sayo abin rufe hanci na gaske. Baba bai rasa aikinsa ba, domin babu wanda ya yarda ya shiga rumfar sai shi. Bakano kuma ya riƙa gaya wa baƙi cewa shi ya ba da shawarar.

Abin da na koya shi ne, mai abu yana gani sarai, sai dai inda zuciyarsa take nan idonsa yake. Idan kana son ya gyara abin da ke cin ƙirjinka, kada ka wahalar da kanka da yi masa tari. Ka yi addu'a iska ta juya.