Kalla da Tulun Laka

Kalla mai yin tubali ne a ƙauyenmu, kusa da Allakaye. Ba shi da yawan magana, amma ba abin da zai motsa cikin ruwa ya wuce idonsa. Shi ya lura cewa a tsohon kududdufin bayan gidansa tsutsar sauro ba ta kai ga yin fiffike. Sai ta kumbura, ta yi fari, ta mutu. Ya ce ƙananan dodon koɗin da ke ciki ne ke sakin wata 'yar tsutsa mai faɗi, ita ke shiga jikin tsutsar sauron.

Tun daga nan, kowace kaka yakan ɗebi laka da dodon koɗi a tulu, ya yi ta yayyafa musu ruwa duk rani, kamar mai ajiyar irin gero. Ruwan farko na sauka, sai ya bi ramukan tubali yana zuzzubawa. Mun yi masa dariya har muka gaji, muna kiransa makiyayin koɗi. Amma shekara bakwai unguwarmu na samun sauƙin sauro, mu masu dariyar ma har da mu.

A daminar 1983 Halidu ya zo, amininsa tun suna kiwon awaki, wanda ya samu aiki wurin masu feshin magani.

"Kalla, lokotoro, likitanmu, na son ganin tulun ga. Ba ni shi kwana ukku in maido ma."

"Shi ɗai gare ni, Halidu," in ji Kalla. "Amma kai na, ɗauka."

Har ramukan Kalla ya zaga da shi ɗaya bayan ɗaya, yana murna an san aikinsa.

Bayan mako mota ta zo da fanfunan feshi. Wai dodon koɗi ke kawo tsargiya, fitsarin jinin nan. Wataƙila gaskiya ne, ni ba likita ba ce. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne Halidu ya san za a yi feshin tun ranar da ya karɓi tulun. Shi ne a gaba, yana nuna musu kowane rami, har kududdufin bayan gida.

Washegari ba dodon koɗi ko ɗaya mai rai. Kalla bai yi faɗa ba, tulunsa kawai ya tambaya, don da shi zai iya sake farawa.

Da la'asar Halidu ya kawo shi, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ga shi, na cika alkawali."

Kalla ya zura hannu ya shafa cikin tulun har ƙasa. An wanke shi tas da sabulu.