Don Nemesio da Sandar Bakin Ruwa

Kafin Donya Otilia ta ɗora tukunyar kofi, Don Nemesio Arimuya ya riga ya sauka daga jirgi. Ba takalmi, wando a naɗe zuwa gwiwa. Inda yake zuwa bai wuce taku goma ba: wata 'yar sanda ce da ya kafa a bakin ruwa jiya da yamma, lokacin da muka ɗaure jirgi, ya yi mata tsaga da adda daidai inda ruwa ya tsaya. Sai ya durƙusa, ya jera yatsunsa tsakanin tsagar da fuskar ruwa. Daga nan ya tuge sandar, ya hau, ya gaya wa kyaftin magana ɗaya: "Ya sauka yatsa biyu," ko "Ya hau yatsa huɗu." Sannan ya karɓi kofinsa da gasasshiyar ayaba.

Sauran yinin a goshin jirgi yake yinsa, da doguwar gorarsa ta auna zurfi. Ya ɗaga hannun dama, jirgi ya karkata dama. Ya kifa tafi, a rage wuta. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan aiki, kuma a watan jiya ya ajiye shi.

Ni Loida Tamani ce. Shekara goma sha shida ina yi wa baƙi jagora a Zoilita, jirgin da ke ɗaukarsu daga garin Nauta ya haura kogin Maranyon, ya shiga gandun daji kwana bakwai. Aikina surutu, kuma na iya shi, ba yabon kai ba. Idan kuka buɗe littafin da baƙi ke rubuta godiya a ranar sauka, za ku ga sunana shafi bayan shafi. Za ku ga miyar kifin Donya Otilia. Har wani biri mai satar gwanda ya samu shiga sau uku. Sunan Don Nemesio babu, ko sau ɗaya. Baƙi sun ɗauka wani tsoho ne da ke son shan iska a gaba.

Mutanen bakin kogi kuwa sun san shi sarai. Wata tsohuwa mai sayar mana da garin rogo ta taɓa ce mini ko idonta a rufe tana gane Zoilita, don shi ne jirgin da ƙararsa ke mutuwa idan ya kusa kwalekwalenta. Bai taɓa yarda igiyar ruwan da jirgi ke tayarwa ta bugi mai kwalekwale ba, ko matan da ke wanki a kan gungume. Masu gadin gandu ma sun shaida cewa idan kififiya ta fara saka ƙwai a rairayi, sai ya kewaye da mu ta can nesa, ko da za mu yi latti. Donya Otilia kan yi mita a kan haka.

"Nemesio, shinkafata za ta dahu ta sake dahuwa kafin mu isa. Kunkurun nan surukanka ne?"

"Sun fi surukaina hankali, Otilia. Ba sa magana."

Amma ba don waɗannan na ɗauki biro ba. Akwai maganar da na riƙe shekara tara, tana cina, kuma yau zan sauke ta.

Watan Yuli ne, ruwa ya fara ja. Mun bar babban kogi mun kutsa wani rafi mai baƙin ruwa da ke kaiwa tafkin da karnukan ruwa ke zama. Baƙi goma sha huɗu ne a jirgin, kuma duk don waɗannan dabbobin suka zo. Rafin yana da zurfi a ciki, amma a bakinsa, inda ya haɗu da kogi, akwai tudun laka a ƙarƙashin ruwa. Ranar da muka shiga, Don Nemesio ya auna wurin da gora ya ce taƙi huɗu ne tsakanin cikin jirgi da lakar. Na ji shi da kunnena, na manta a take.

Kwana biyu muna ciki, saura tafiyar rabin yini mu kai tafki. Ran nan tun tsakar rana sama ta ɓarke, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har yamma. Kowa ya ji daɗi. Kyaftin Lizardo, wanda shekararsa ta biyu ke nan da jirgin, ya ce yanzu kam ruwa ya samu. Ni kuwa na tsaya gaban baƙi na bugi ƙirji na ce gobe war haka sun gaji da ɗaukar hoton karnukan ruwa.

Da safe Don Nemesio ya daɗe a wajen sandarsa. Da ya hau, ko kallon kofi bai yi ba.

"Kyaftin, mu juya."

"Mu juya ina, Don Nemesio? Tafkin yana gaba."

"Taƙi huɗu muka bari a bakin rafi. Jiya ruwa ya ci ɗaya. Yau ya ci biyu. Saura ɗaya, kuma awa biyar ce tsakaninmu da wurin."

Kyaftin ya nuna masa na'urar auna zurfi. "Duba nan. Mita shida a ƙarƙashinmu."

"Na gani. Inda kake take gaya maka. Ba ta san inda za ka fita ba."

Nan ne na sa baki, kuma da ma ban sa ba. Na ce, "Haba Kawu, ruwan jiya fa? Ko kai kaɗai ne bai jiƙa ba?"

Ya ce, "Ya jiƙa ni, 'yata. Riga yake jiƙawa. Kogin nan daga duwatsu yake sha, kuma can an ɗauke."

Abin haushin shi ne na san haka. Duk wanda aka haifa a bakin Maranyon ya san ruwan saman da ya zuba a kansa ba shi ke cika kogi ba. Kakata ta sani, kuma ba ta taɓa shiga aji ba. Amma na yi alkawari a gaban mutum goma sha huɗu, ga ganyaye suna ɗiga, ga ƙasa ta yi caɓa-caɓa, sai na zaɓi in yarda da idona. Idan aka ƙara kwana ɗaya a ciki, jirgin ba zai fita ba sai ruwa ya dawo a watan Nuwamba. Babu hanyar mota, babu gari, sai daji ta ko'ina. Don Nemesio ya faɗi wannan a fili, na ji, na toshe kunne.

Baƙi sun taru suna tambayar me ake ciki. Na juya na gaya musu da Turanci, ina murmushi, cewa tsohon namu yana da camfe-camfensa, sandarsa ce ta tsorata shi, amma kada su damu. Suka yi dariya. Wani ya ɗauki hotonsa.

Don Nemesio bai dube ni ba. Ya jingina gorarsa da bango, ya zauna a kan murfin tanki, ya ce, "Kyaftin, jirgi naka ne, ba na ja da kai. Amma yau hanyar fita kaɗai na sani."

Gaba da inda muke rafin cike yake da kututture a ƙarƙashin ruwa, kuma babu mai iya ratsa su sai shi. Kyaftin ya tsaya yana cizon leɓe. Donya Otilia ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Lizardo, ɗana, abincin kwana huɗu gare ni. Idan kana da niyyar wata huɗu, gaya mini in fara koyon dafa aku."

Kyaftin ya ce a kwance igiya. Muka juya.

Awa biyar ɗin nan ba wanda ya yi mini magana mai daɗi, ni ma ban yi wa kowa ba. Baƙi sun kumbura. Ni na fi su kumbura. A hanya muka yi kiciɓis da wani jirgi yana shiga, ya fi namu girma. Don Nemesio ya miƙe ya ɗaga musu yatsa ɗaya, wato saura taƙi ɗaya, ya nuna bakin rafi, ya ɗaga murya ya ce su juya. Suka ɗaga mana hannu suna murna, suka wuce.

Da muka iso bakin rafi ban gane wurin ba. Inda muka wuce shekaranjiya ruwa shimfiɗe, yanzu laka ta fito dama da hagu tana ƙyalli, fararen balbelu na yawo a kanta. Abin da ya rage ɗan siririn ruwa ne mai launin kunu. Murmushina ya ɗauke.

Nan na ga aiki. Don Nemesio ya sa aka sauke baƙi duka a ƙananan jiragen yawo guda biyu. Ya sa aka zubar da ruwan wanka na tanki. Sannan ya cire riga ya shiga ruwan, mutum mai shekara hamsin da tara, har ƙirji. Wurin matattarar kunamar ruwa ce, wadda idan ta harbi mutum sai ya yi wata bai taka ƙasa ba. Bai ɗaga ƙafa ba, jan ta yake yi a cikin laka, yana laluben inda ruwa ya yanka hanya. Duk inda ya samu, sai ya kafa reshe. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce, ta lanƙwasa sau biyu, kuma ba inda muka bi muka shiga ba ne.

Kyaftin ya biyo rassan a hankali. A lanƙwasa ta biyu muka ji cikin jirgi ya gogi laka, ya yi wani nishi, ya tsaya cak. Ina cikin ƙaramin jirgi da baƙi bakwai, kuma ba na jin akwai wanda ya ja numfashi. Don Nemesio ya kifa tafi, aka kashe wuta. Ya ce duk ma'aikata su koma gefen hagu. Suka koma, har da Donya Otilia da ludayinta. Jirgin ya ɗan karkata. Ya ɗaga hannu, injin ya yi ruri, laka ta tashi baƙa ƙirin a baya, Zoilita ta ja jiki, ta sake ja, sai ga ta a cikin kogi tana lilo.

Baƙi suka tafa wa kyaftin. Don Nemesio ya hau ta baya, ya ɗauraye ƙafa da bokiti, ya tambayi ko kofinsa na safe yana nan.

Wancan jirgin bai fito ba sai Nuwamba. Mutanensa a kwalekwale aka yi ta fito da su, kwana uku, da taimakon masu gadin gandu. Baƙinmu kuwa sun rubuta a littafi cewa kyaftin gwani ne, jagora kuma ta iya kwantar da hankali. Na karanta, na rufe littafin, ban ce komai ba. Kunya ce ta hana ni da farko. Daga baya sai ta zama girman kai.

Kawu Nemesio, yanzu da kai nake. Na san ba ka karatu, 'yarka Nimia za ta karanta maka, kuma na roƙe ta kada ta tsallake ko layi ɗaya.

Kai ne idon Zoilita. Kai ne ka fitar da mutum ashirin da uku daga rafin nan da tafin ƙafarka, aka tafa wa wani, ba ka ko ɗaga kai ba. Kai ne wanda na mayar abin dariya a gaban baƙi, da harshen da na ɗauka ba ka ji. Sai bara Donya Otilia ta gaya mini cewa shekara talatin kana sauraron Turawa a goshin jirgi, babu abin da ya wuce ka a ranar. Ka ji, ka haɗiye, kuma da aka sauke baƙi a bakin rafi kai ne ka riƙe mini hannu na shiga ƙaramin jirgi. Na yi kuskure, Kawu. Ba camfi ba ne, ilimi ne, kuma ni ce jahilar. Ka yafe mini.

Hasken rana a kan ruwa ya cinye maka ido, yanar ido ta rufe na hagu, na dama ma ya fara. A tafiyarka ta ƙarshe na bi ka zuwa wajen sanda, na ga ba ka kallonta ma, da yatsu kake laluben tsagar. Ka ce mini, "Idan na fara tambayar wani inda ruwa yake, lokacin sauka ya yi." Ba wanda ya kore ka. Kai ka auna kanka kamar yadda kake auna kogi, ka juya tun da sauran taƙi ɗaya. Raina ya ɓaci ranar, har yanzu bai gama gyaruwa ba.

Mun gode, Don Nemesio. Otilia ta gode, ko da yake ta ce in rubuta cewa har yanzu ba ta yafe maka shinkafarta ba. Lizardo ya gode, shi da yanzu ba ya tayar da inji sai ya ji labarin sanda. Matan bakin kogi da ba ka taɓa jiƙa wa wanki ba sun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin rogonka da ayabarka a gonarka, ya sa likitocin birnin Ikitos su dace da idon.

Ku kuma matasan da ke hawa jiragen nan da na'urori a hannu, ku riƙe na'urorinku, suna da amfani. Amma kafin tsofaffin nan su ƙare, ku sauka ku durƙusa kusa da su a bakin ruwa. Gidan Don Nemesio na nan ƙasa da Nauta kaɗan, mai jan kwano, kuma ba ya rowar abin da ya sani. Ku je ku tambaya. Idan ya gaya muku abin da ba ku so ji ba, kada ku yi abin da na yi.

Wannan takarda a cikin gandu na rubuta ta, a bakin rafin nan dai. Jiya da yamma da muka ɗaure jirgi, na ari addar Otilia na sare reshe, na kafa, na yi masa tsaga. Baƙi suna kallona daga sama, ɗaya ya tambayi ko wata al'ada ce. Na ce masa aiki ne, wani malamina ya koya mini, na kuma faɗa masa sunanka har ya iya maimaitawa. Yau da sassafe na sauka ba takalmi.

Ya sauka yatsa uku, Kawu. Mun juya.